Babi na Huɗu: Ana Aiki, Ana Yunwa

Me ya sa kowa yana fita nema, amma kowa yana kukan babu? Ana yin wannan tambaya a teburin mai shayi, ana yin ta a cikin adaidaita sahu, ana yin ta a gidan biki da wajen zaman makoki. Tun da asuba titunan Kano suke cika. Mai tura baro ya nufi 'Yan Kaba, ɗan dako ya nufi kasuwar Singa ko ta Dawanau, malamin makarantar kuɗi yana tsaye bakin titi da jakarsa yana jiran abin hawa, mai POS ya kafa lemarsa. Babu wanda zai dubi garin nan ya ce mutanensa ragwaye ne. Amma da dare, idan maigida ya zauna ya ƙirga abin da ya shigo aljihu da abin da za a ɗora a tukunya gobe, lissafin ba ya fita.

Akwai wata tambayar da ke biye da ita. A 2023 Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta sanar cewa marasa aikin yi a Najeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari. Jama'a da dama sun ji haushin wannan adadi, wasu suka ce ƙarya ce tsagwaronta. In haka ne, su wane ne samarin da ke zaune a majalisun unguwa daga hantsi har la'asar, wasu da digiri a cikin akwati? Amsar tambayoyin nan biyu guda ɗaya ce, kuma daga wannan adadin za mu fara.

Wa ake kira marar aiki?

Hukumar nan dai ta ce a ƙarshen 2020 rashin aikin yi ya kai kashi 33.3 cikin ɗari, wato mutum ɗaya cikin uku na jimillar masu aiki da masu neman aiki. Daga 33 zuwa 4 a cikin shekara uku ba masana'antu aka buɗe ba. Ma'auni aka sauya. A da, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba ana sa shi cikin marasa aiki. A sabon tsari, wanda shi ne Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya take amfani da shi, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya tak cikin kwana bakwai don a biya shi ko don ya ci riba, mai aiki ne.

Ka ɗauki saurayin da ya gama kwalejin ilimi shekara huɗu da suka wuce. Ranar Talata wani maƙwabci ya kira shi ya taya shi sauke bulo, ya ba shi na shan ruwa. Sauran kwana shida yana zaune. A takardar ƙididdiga, wannan saurayi yana da aiki. Haka matar da ke soya awara a zaure da yamma, haka yaron da ke sayar da ruwan leda a danja. Kafin a kira ka marar aiki, sai ya zamana ba ka taɓa komai ba duk makon, kuma kana neman aiki, kuma a shirye kake ka fara. Wanda ya nema ya gaji ya haƙura ma ba ya cikin lissafin.

Hukumar ba ƙarya ta yi ba. Ma'aunin ne aka ƙera shi don ƙasashen da mutum ko dai yana da aikin albashi ko ba shi da shi. A wurinmu adadin da ya fi faɗar gaskiya yana cikin rahoton nan dai, sai dai bai yi tashe a kafafen labarai ba: sama da kashi 90 cikin ɗari na masu aiki a Najeriya suna yin sa ne ba takardar ɗauka, ba fansho, ba hutu, ba kowace irin kariya. Mafi yawansu kansu suke yi wa aiki. Masu karɓar albashi 'yan tsiraru ne.

Zaman gida sai mai hali

A Ingila ko Jamus, idan kamfani ya sallami ma'aikaci, akwai ofishin da zai je ya yi rajista a riƙa ba shi wani abu duk wata har ya sami wani aikin. Ko a nan Afirka, ƙasar Afirka ta Kudu tana da asusun inshorar rashin aiki da ma'aikaci da mai kamfani suke zuba wa kuɗi, kuma tun 2020 take ba marasa abin hannu rand 350 a wata, daga baya aka mayar da shi 370. Kuɗin ba shi da yawa, amma yana ba mutum damar ya zauna ya nemi aikin da ya dace da shi. Shi ya sa adadin marasa aiki a can yake haura kashi 30: mutane suna iya amsa sunan marasa aiki su kuma rayu.

A Najeriya babu wannan. Babu wata doka da ta ce idan ka rasa aiki gwamnati za ta ba ka ko sisi. Abu mafi kusa da haka shi ne dokar fansho ta 2014, wadda ta yarda wanda ya yi wata huɗu bai sami sabon aiki ba ya cire kashi 25 na abin da ke asusun fanshonsa. To wannan kuɗinsa ne na tsufa yake ci tun da ƙuruciya, kuma sai wanda ya taɓa yin aikin da ake cire fansho. Ɗan dako ba shi da asusu.

Saboda haka talaka ba shi da ikon zama marar aiki. Ranar da bai fita ba, ranar ba a hura wuta ba. Dole ya ƙirƙiri abin yi, ko da ribar ba ta wuce ta kwanon garin masara ba: ya ari baro, ya ɗauki jarkoki ya shiga ga-ruwa, ya bi jari-bola, ya tsaya a bakin kasuwa yana kamasho. Abin da muke kira buga-buga ke nan. Wanda za ka ga ya shekara biyu yana zagayen ofisoshi da takardu, yana ƙin ƙaramin aiki, akwai mai ciyar da shi a gida. Wannan ne dalilin da ya sa alƙaluman hukumar suke nuna rashin aiki ya fi yawa a tsakanin masu ilimin gaba da sakandare fiye da waɗanda ba su yi boko ba. Ƙanƙantar adadin nan alama ce ta cewa babu abin da zai tare mutum idan ya faɗi.

Inda albashi ya tafi

Ba haka Kano da Kaduna suka taso ba. Dattawan da suka yi aiki a Bompai, Sharaɗa da Challawa suna nan da ransu, a tambaye su. Akwai masaƙu, da majemu, da kamfanonin man gyaɗa, na alewa, na roba, na kwanukan tasa. Ana aiki dare da rana, wasu na fita wasu na shiga. A Kaduna, masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri a 1957, sauran suka biyo baya, irin su Arewa Textiles da UNTL, har Kakuri da Makera suka zama gari guda na ma'aikata da suka zo daga kowane sashe na ƙasar nan. Mutumin da iliminsa bai wuce firamare ba yana iya samun aikin da zai yi aure da shi, ya kama haya, ya sayi keke, ya sa 'ya'ya a makaranta.

Rushewar ba rana ɗaya ta zo ba. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya karya darajar naira, kayan gyaran injina da sinadaran da ake shigowa da su suka yi tsada. Wutar lantarki ta zama sai an gani, kamfanoni suka koma kan janareta da baƙin mai. Noman auduga ya ja baya. Daga ƙarshen shekarun 1990 kuma atamfa da yadi masu araha daga Asiya suka cika kasuwa, wasu ta tashar jiragen ruwa, mafi yawa ta fasa-ƙwauri a kan iyaka. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta rufe ƙofarta a 2007. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne adadin bakunan da albashi ɗaya yake ciyarwa a wajen kamfani. Ma'aikacin masaƙa yana cin tuwo wajen mai abinci a bakin get, yana ba tela ɗinkin sallah, yana biyan mai gida haya, yana sayen nama wajen mahauci ranar da aka yi albashi. Da aka rufe get, dukkansu aka sallama, ko da yake ba wanda ya ba su takarda. Kantin Kwari, kasuwar yadi ta Kano, bai mutu ba, ya ma ƙara girma, amma yawancin abin da ke cikinsa yanzu a wata ƙasa aka saƙa shi. Albashin saƙar yana can, mu kuma muna raba ɗan abin da ke tsakanin sari da sayarwa: mai shago, yaron shago, ɗan kamasho, ɗan dako.

Kuma a daidai lokacin da ƙofofin suke rufewa, jama'a ƙaruwa suke yi. Ƙidayar 2006 ta ba jihar Kano mutum miliyan 9.4, kuma yaran da aka haifa a shekarar yanzu sun isa neman na kansu. Ga 'yan ci-rani da a da suke komawa gida da faɗuwar damina, yanzu da yawa ba sa komawa, musamman waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu a Zamfara da Katsina.

Naira 70,000

A watan Yuli na 2024, bayan doguwar taƙaddama da yajin aiki, Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mayar da mafi ƙanƙantar albashi naira 70,000. Kano ta ce za ta biya 71,000, Kaduna 72,000. A baki adadin yana da girma, musamman ga wanda ya tuna cewa a 1981, zamanin Shehu Shagari, naira 125 ne. A 2011 ya zama 18,000, a 2019 ya zama 30,000.

Amma naira 125 ta 1981 ta kai kusan dala 200. Naira 30,000 ta 2019 ta ɗan haura dala 80. Naira 70,000 a ranar da aka sa hannu ba ta kai dala 50 ba. Wani zai ce mu ba dala muke ci ba. To a bar dala, a koma kasuwa. A ƙarshen 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya fi ƙarfin albashin nan gaba ɗayansa. Litar fetur da ake saye ƙasa da naira 200 kafin a cire tallafi ranar 29 ga Mayu 2023 ta haura naira 1,000 a ƙarshen 2024. Hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari a Disambar 2024.

Raba 70,000 gida talatin, za ka sami naira 2,333 a rana. A ce magidanci ne da mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, wanda a Kano ƙaramin gida ne. Kowane mutum bai kai ga naira 400 a rana ba, kuma a ciki za a ci sau uku, a biya haya, a sayi gawayi da ruwa, a sayi maganin zazzaɓi. A ce kuɗin motarsa zuwa aiki da dawowa naira 1,000 ne a rana, kwana 22 ya cinye 22,000 tun bai sayi ko gishiri ba. Shi ya sa za ka ga masinja ko leburan ma'aikata yana takawa a ƙasa daga unguwa mai nisa, ko ya rage ranakun zuwa ofis, ko ya tashi daga aiki ya ɗauki adaidaitar wani ya yi na dare. Albashi yana ƙarewa kafin goma ga wata, sauran kwanakin a littafin mai kanti suke.

Wannan fa mai sa'a ke nan. Dokar ba ta hau kan duk wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba ta hau kan masu aikin wucin gadi da masu aikin kamasho da 'yan ƙwadagon gona ba. Wato ta bar kusan kowa a waje. Malamar makarantar kuɗi ta cikin unguwa, yarinyar da ke aiki a kemis, mai gadi, mai zuba mai a gidan mai, yaron gidan burodi, 'yar aikin gida da aka kawo daga ƙauye, duk albashinsu abin da mai wuri ya ga dama ne. Da yawansu ba sa samun rabin 70,000, kuma a makarantu da dama idan aka yi hutu babu albashi. Har a manyan kamfanonin da dokar ta hau kansu akwai dabarar kauce mata: a ɗauki mutum ta hannun ɗan kwangila, ya shekara biyar yana aiki ana kiransa na wucin gadi.

Layin da ke bakin get

Me ya hana ma'aikaci ya ce bai yarda ba? Kowa ya san amsar da ake ba shi: “In ba za ka iya ba, ga hanya nan, akwai masu jira.” Kuma gaskiya ne, akwai su. A nan ne rashin aiki da ƙarancin albashi da rashin tallafi suke ƙulle da juna. Wanda ba shi da abin da zai ci gobe ba ya ciniki. Duk abin da aka taya zai sallama, kuma da ya sallama ya karya farashin na bayansa.

A kan titi ma haka abin yake, ko da ba mai kamfani. Bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero a Janairun 2013, gwamnatin Kano ta hana acaɓa, dubban matasa suka koma adaidaita sahu. Yawancin direbobin ba su ne masu mashin ɗin ba. Mutum zai fito da safe da bashi a wuyansa: balas ɗin mai mashin, kuɗin mai, kuɗin ƙungiya da na hukuma. Sai ya haɗa waɗannan kafin ya fara nema wa gidansa. Idan taya ta fashe ko aka kama shi, ranar ta tafi. Duk sabon mashin da ya hau titi kuma, fasinjojin nan dai ake ƙara rabawa. Haka POS: a layi ɗaya za ka ƙirga lema biyar, kowa yana jiran mutum guda ya zo cire dubu biyu. Sana'ar da ba ta buƙatar jari mai yawa kowa zai shige ta, har ribar ta zama ba ta ciyar da kowa.

Bai kamata a ɗora laifin duka a kan masu ɗaukar aiki ba. Akwai azzalumai a cikinsu, waɗanda suke gina gida na uku alhali ma'aikatansu na bin su albashin wata biyu. Amma mai ƙaramar makarantar da iyaye ba sa iya biyan kuɗin zango, ko mai gidan burodin da dizal da fulawa suka cinye ribarsa, ba shi da 70,000 da zai bayar ko an sa masa wuƙa a wuya. Masu sayen kayansa su ma talakawa ne. A farkon 2024 mata masu gurasa a Kano sun fito zanga-zanga kan tsadar fulawa, kuma kukansu ya nuna abin sarai: idan sun ƙara kuɗi ba mai saye, idan ba su ƙara ba jari ya karye. Unguwar da kowa ke samun kaɗan, kowa kaɗan zai kashe, kuma mai sana'ar cikinta kaɗan zai biya yaransa.

Tallafin da ke zuwa ya wuce

Gwamnatoci sun yi ta ƙoƙari, ba za a ce ba su yi ba. Tun zamanin Babangida aka kafa hukumar samar da aikin yi ta NDE. Daga 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta fito da shirye-shirye mafi girma da aka taɓa gani: N-Power da ke ba matasa masu shaidar karatu naira 30,000 a wata, tallafin naira 5,000 a wata ga gidaje mafi talauci, ciyar da 'yan firamare, da rancen TraderMoni na naira 10,000. Rukuni biyu na farko na N-Power sun kai mutum 500,000. Duk wanda ya san wani da ya shiga ya san abin ya yi amfani. Akwai waɗanda suka yi aure da shi, akwai waɗanda suka tara suka buɗe shago, kuma makarantun ƙauye da dama sun sami malamai. A 2020 aka sallami rukunonin biyu, mafi yawa suka koma inda suka fito.

Bayan cire tallafin mai, aka yi alƙawarin naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya a bayan shirin. Jimilla naira 75,000 ke nan ga gida guda, sau ɗaya, a kan tsadar da ta zo ta zauna. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jin ƙai bisa zargin karkatar da kuɗi, aka tsayar da shirye-shiryen na wani lokaci, biyan ya yi ta tafiyar hawainiya. Aka kuma ce sai mai lambar shaidar ɗan ƙasa ta NIN da asusun banki, alhali tsohuwar da ta fi kowa buƙata a ƙauye ita ce ba ta da ko ɗaya.

A sa wannan kusa da girman matsalar. Rahoton Hukumar Ƙididdiga na 2022 ya ce mutum miliyan 133 ne ke cikin talauci ta fuskoki da dama, kuma kimanin miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke. Amma a ganina babban aibin tallafinmu bai tsaya a ƙanƙanta ba. Aibinsa shi ne ba haƙƙi ba ne. Ba ka san ranar da zai zo ba, ba ka san dalilin da ya sa aka sa maƙwabcinka aka bar ka ba, ba ka da inda za ka kai ƙara. Sabuwar gwamnati tana zuwa da sabon suna da sabon jerin sunaye. Abin da ba ka da tabbas da shi ba ka iya tsara rayuwa a kansa, ba ka iya ƙin mugun aiki saboda shi. Kuma tun da alfarma ce, sai ya bi hanyar alfarma: ta hannun kansila, ta hannun shugaban jam'iyya na mazaɓa, ta hannun wa-ka-sani. Rabon shinkafa da taliya a filin wasa, ana turereniya ana ɗaukar hoto, ya fi kama da kamfe. A Maris na 2024 mata sun rasa rayukansu a turmutsutsun rabon zakka a Bauchi. Abin ya kamata ya hana duk mai mulki barci.

Wanda ke ɗauke da kayan

To in gwamnati ba ta riƙe marar aiki, wa ke riƙe shi? Ɗan'uwansa. Ofishin tallafi na gaskiya a ƙasar Hausa shi ne zumunci. Yayan da ke aikin ƙaramar hukuma shi ke biyan kuɗin jarrabawar ƙanne, shi ake kira idan an kwantar da Inna a asibiti, a gidansa ɗan ƙanwarsa da ya zo neman aiki yake sauka. Matar gida tana zubin adashi daga kuɗin ƙuli-ƙuli, ranar da ta kwasa ta biya haya. Mai kanti yana ba da bashi har ƙarshen wata. Maƙwabciya tana miƙo kwano ta katanga ba tare da an roƙa ba. Ga zakka da sadaka da ciyarwar azumi, ga Hukumar Zakka da Hubusi da Kano ta kafa a 2003. Ba don waɗannan ba, da abin da za a gani a titi ya fi haka muni, kuma abin alfahari ne cewa har yanzu mutanenmu suna jin kunyar su ci su bar na kusa da yunwa.

Sai dai a duba a kan wa kayan yake. Yana kan mai 70,000 ɗin nan ne, da wanda bai kai shi ba. Albashin da bai ishi mutum shida ba ana jan sa ya rufe goma sha biyu. Kamar bargo ne guda a ɗakin mutum goma cikin hunturu, kowa ya ja sai wani ya buɗe. Sakamakonsa shi ne mai albashin ba ya iya ajiye komai, ba ya iya tara jarin da zai buɗe abin da zai ɗauki wani aiki. Kuma tsarin zumunci yana aiki ne idan masifa ta sami mutum ɗaya sauran suna tsaye. Tsadar 2023 da 2024 kowa ta doka lokaci guda. Wanda aka saba zuwa wajensa shi ma nema yake. Aka fara jin magidanta na barin gida tun duhu don kada yara su tashi su tambaye su, aka ga adashi na watsewa saboda an kasa zubi. Fushin da ya fito titunan Kano da Kaduna a zanga-zangar tsadar rayuwa ta Agustan 2024 daga irin waɗannan gidaje ya taso.

Nauyin kuma ba daidai yake sauka ba. Idan cefane ya gaza, yarinya ce ake ɗora wa tire a tura ta talla a lokacin da ya kamata tana aji. Yaro ne ake cirewa daga makaranta a kai shi gareji ko kasuwa. Bayan shekara goma su ne za su tsaya a layin bakin get ba takarda ba sana'a, su karɓi duk abin da aka taya.

“Ai sai su sangarce”

Duk lokacin da aka yi zancen a riƙa ba talaka wani abu a kai a kai, sai wani ya ce za a koya wa mutane lalaci. Mai wannan magana ya je Dawanau ya ga mutum ɗauke da buhu mai kilo 100 a ka cikin zafin Afrilu, sannan ya dawo ya maimaita. Ba wanda zai ajiye nema saboda naira 5,000 ko 25,000. Brazil ta fara shirin Bolsa Família a 2003, tana ba miliyoyin gidaje kuɗi duk wata bisa sharaɗin yara su je makaranta a kuma yi musu rigakafi, kuma mutanen ba su daina aiki ba. Abin da ƙaramin kuɗi mai tabbas yake yi shi ne ya hana a sayar da akuya ko keken ɗinki ranar da ciwo ya zo, ya bar yarinya a aji, ya ba ma'aikaci ƙarfin ya ce a ƙara masa. Kuma a unguwa ake kashe shi, wajen mai kanti da mai kayan miya.

Duk da haka tallafi ba ya maye gurbin albashi. Kakuri da Sharaɗa injina ne suka raya su, kuma ko yau akwai masu walda, masu niƙa, masu ɗinki, masu takalma da masu sarrafa shinkafa a Kano da za su iya ɗaukar yara biyu ko goma su biya su da kyau, in da abin da suke kashewa kafin su kunna inji bai cinye ribar ba. Ka tambayi kowane ɗayansu abin da ya fi ci masa tuwo a ƙwarya, kafin ya ambaci haraji ko rance zai ce maka wuta. Babi na gaba zai bi wayar lantarki daga tashoshin Kainji da Shiroro har zuwa shagon mai walda a Kano, mu ga inda wutar take maƙalewa da abin da rashinta yake jawo wa aljihun ma'aikaci.